Jakar Tokar Baba

Yanzu a gidan nan sai in nemi toka in rasa. Matar ɗana da gas take girki, murhun da na yi shekaru ina durƙuso gabansa ya zama wurin jibge tsofaffin bokitai, in kuwa ina son ruwan toka na miyar kuɓewa sai na aika maƙwabta roƙo. Ba ƙorafi nake ba, idona ya huta da hayaƙi. Amma mu da muka tashi a gindin duwatsun nan na wajen Manga, a ƙasar Zuru, kwashe toka shi ne aikin farko na safe. Kafin gari ya gama wayewa za ka ji ƙarar kasko a bakin murhu, sannan tsintsiya, sannan lugude ya tashi daga wannan gida ya faɗa wancan, awaki na kuka a buɗe musu. Har yau in toka ta zo hannuna sai na ɗebi kaɗan na saki, in tsaya ina kallon inda iska ta kai ta. Jikokina cewa suke Kaka ta fara ruɗewa. Ban ruɗe ba, ja'irai, Babana nake tunawa.

Baba manomi ne da damina, maharbi da rani. Kwari da baka ya sani, bai taɓa son bindiga ba, wai tana faɗa wa daji duka cewa ka zo. A wuyansa kullum akwai wata 'yar jakar fata da ba ta fi lemun tsami girma ba, cike da tokar da aka tankaɗe, da ɗan rami a bakinta. In ya shiga daji sai ya girgiza ta, ya ga inda tokar ta bi, ya san ta wane ɓangare zai ɓullo wa nama don kada iska ta kai masa warinsa. Yakan ce dabba ba ta jin Hausa, ba ta jin yarenmu, maganar iska kaɗai take ji. Muna yara, in ya dawo da gada ko zomo, mu ne masu ɗebo ruwa da hura wuta, mu zauna muna haɗiyar yawu har a ba mu 'yan ciki. Yaran yanzu sun san naman kanti da na bakin titi, amma ka tambaye su sawun gada da na akuya wanne ne wanne, sai su tsaya suna kallonka.

A jikin rumbunmu akwai ƙahonin gwanki guda biyu a rataye, baƙaƙe, masu zobe-zobe, sun lanƙwasa baya. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa, a ce Baba ne ya kashe gwanki na ƙarshe a duwatsunmu. Mutane da yabo suke faɗa. Shi kuwa da an fara sai ya tashi ya bar wurin, kuma ko taɓa ƙahonin ba ya bari mu yi. Sai da na yi aure na haihu sannan Inna ta gaya mini dalili. Wata shekarar yunwa ce, kafin a haife ni. Baba ya kwana uku yana bin sawun gwankin, ya harbe shi a bakin rafi, da ya matsa kusa sai ya ga mace ce, nono na zuba. Maharbi ba ya harbin mai shayarwa, kowa ya san haka, amma ciyawa ta rufe ta bai lura ba. Ya ji kukan ɗan a cikin gamba, ya yi kwana biyu yana nema bai same shi ba. Daga wannan shekara ba a sake ganin gwanki a wajenmu ba. Shi ya sa duk wanda ya dawo daga tafiya, soja ne da ya zo hutu ko ɗan kasuwa daga Bena ko Danko, bayan gaisuwa Baba sai ya tambaye shi ko inda ya fito akwai sauran gwanki. Mu dai dariya muke yi, mun ɗauka tsufa ne.

Lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, mutane na hawa kan dutse neman sabis, idon Baba na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana ta rufewa da yana. A lokacin ne ƙanin mijina ya zo gida. Tsohon soja ne, kamar rabin mazan unguwarmu, muna ce masa Kofur, kuma bayan ya bar soja ya sami aikin tsaron wani gandun daji na gwamnati can nesa, inda aka hana farauta da sare itace. Ya je gaida Baba, Baba ya yi masa tambayarsa ta kullum. Kofur ya ce gwanki kam akwai, garke-garke ma. Baba ya ce shi an sha gaya masa magana don a faranta masa rai, in dai gaskiya ne a kai shi ya gani da sauran idon da ya rage masa, kafin shi ma ya rufe. Mijina na bakin aiki, yayyena suna bariki, sai tafiyar ta faɗo kaina. Na ji daɗi ƙwarai, don ni a lokacin ko Kwantagora ban taɓa wucewa ba.

To, a nan na tafka wautar da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Mu a wajenmu ba a zuwa baƙunta da tsumma. Wurin gwamnati za mu, wurin aikin ƙanin mijina, ba zan bari a ce ga surukansa sun zo kamar an koro su daga gona ba. Na ɗauki farar babbar rigar Baba ta zuwa coci, na wanke ta da sabulu mai ƙamshi, na sa bula, na sa sitaci, na goge ta da dutsen guga na gawayi har tana iya tsayuwa da kanta. Ni kuma na fito da farin leshina na Kirsimeti, da takalmi mai ƙwas-ƙwas, da kwalbar turaren da mijina ya sayo mini, irin wanda in ka wuce ta lungu sai an jima ana jin ka. Mota uku muka canza, ta ƙarshe a-kori-kura ce mai ɗaukar buhuna, a kan hanyar da ba ta da kwalta, ƙarshen bazara, zafi kamar a bakin tanda. A ƙofar gandun wani mai gadi ya karɓi wuƙar Baba ya ajiye, ya ga jakar wuyansa ya ce ko albarushi ne. Baba ya zazzaga masa kaɗan a tafin hannu. Mutumin ya shinshina, ya ce toka ce, ya dube mu kamar bai gane ba, ya bar mu muka wuce.

Washegari da safe na fito tsaf, Baba na biye da ni rigarsa na ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Kofur ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Matarmu, ɗaurin auren wa za mu a cikin dajin?” Tsakanina da shi wasa ne, tun ranar da aka kawo ni gidansu ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ya ce da gaske yake, in koma in sauya. Na ce hassada ce ke cinsa, shi da ya saba da kakin da ba ya ganin ruwa, na koma ɗaki na ƙara feshin turare don in ba shi haushi. Ya dubi Baba ko zai sa baki, Baba ya kau da kai. Kofur ya ɗaga kafaɗa, muka hau tsohuwar motarsu marar rufi.

Daji na gani ranar, ba irin ɗan kurmin da muka sani ba. Kaɗanya da ɗorawa da maɗaci tsaye ba wanda ya taɓa sa musu gatari, gamba ta fi mutum tsawo, zabin daji na tsallake hanya ba sa ko sauri. Birai manya suka zauna kan dutse suna kallonmu, wata na yi wa ɗanta tsifa. Amma ba su muka zo gani ba. Da muka kusa wani tafki sai Kofur ya kashe mota muka sauka da ƙafa, takalmina na ƙwas-ƙwas a kan tsakuwa. Ba mu yi taku talatin ba muka ji wani huci mai ƙarfi daga cikin itatuwa, sannan rugugin kofato, ƙasa har tana amsawa. Ni ko jela ban gani ba. Kofur ya ce su ne, sun tafi, kuma yau ba za su dawo nan ba. Haka muka yini muna zagaye, duk inda muka tsaya sai dai mu tarar da sawu. Ga shi motar da za ta fitar da mu jibi ce kawai take zuwa, ranar kasuwa, hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas, in ruwa ya sauka hanyar ta yanke sai bayan damina. Idon Baba kuwa kowa ya san ba zai kai wani rani ba.

Da muka koma masauki na zauna bayan ɗaki na yi kuka sosai, don na gane ni na kore su. Na kawo tsoho tun daga Zuru a bayan mota kamar buhun dawa, na zo na hana shi abin da ya zo nema da kwalbar turare. Sai na ji dariya. Baba ne, zaune kan turmi, yana dariya har da tari. Na ce masa shi da ya san daji me ya sa bai hana ni ba. Ya ce tun daga gida hancinsa ya gaya masa, amma an ce masa naman gwamnati ya saba da mutane, har ana ba shi abinci a hannu, shi ya sa ya bar ni da kwalliyata, kuma shi abin da yake tsoro ke nan, a kawo shi a nuna masa awaki masu dogon ƙaho. “Ashe har yanzu na daji ne,” ya ce. “Kin ji hucin nan? Shekara nawa rabona da shi. Share hawayenki, gobe ni zan ja gaba.”

Kofur ya je ya roƙi ogansu aka yarda mu shiga da ƙafa, shi yana biye da bindigarsa saboda bauna. Baba ya sa na je rafi na yi wanka ba sabulu, na cuɗa jikina da laka da ɗanyen ganye har sau biyu. Matar wani abokin aikin Kofur ta ara mini tsohon zanenta na girki, wanda ya sha hayaƙi har ba a gane launinsa. Takalmi kuwa Baba ya ce in bar shi, ƙafar da Allah ya ba ni ta isa. Shi ma ya tuɓe babbar riga ya sa wata tsohuwar taguwa. Kofur ya gan ni ya buɗe baki zai yi magana, na ce in ya kuskura sai na fasa masa kai da muciya. Ya haɗiye dariyarsa, amma har yau in mun haɗu wurin biki sai ya tambaye ni ina zanen.

Da gari ya fara haske muka kama hanya, Baba dafe da kafaɗata. Jim kaɗan sai ya tsaya ya girgiza jakar. Tokar ta fita, amma idonsa ba ya iya ganinta, sai ya tambaye ni a hankali ina ta yi. Na ce ta yi hagu. Muka bar hanya muka yi dama, muka yi wani dogon zagaye da ni a ganina ɓata lokaci ne. Haka muka yi ta yi, shi ya girgiza, ni in duba in faɗa. Wani wuri ya durƙusa ya shafa ƙasa da yatsu, ya ce wannan sawun jiya ne da yamma. Gaba kaɗan ya tsinci kashi ya murtsuke ya shinshina, ya ce wannan na ɗazu ne. Kofur da ya shekara biyar a dajin ya koma kamar ɗan makaranta, sai gyaɗa kai yake. Ƙaya ta soke ni ba adadi, na daure, don ni na jawo. Rana ta ɗan ɗaga muka iso wani ƙaramin tafki ta bayansa, Baba ya zaunar da mu a gindin wani suri, iska na bugun fuskarmu. Ya ce daga nan ba magana. Ya kama hannuna ya ce in sun zo, kowane ɗaya in matsa masa sau ɗaya.

Zaman nan ya yi tsawo. Tsando ya cije ni a wuya, ba damar in kai masa mari. Kurciya na kuka, wani tsuntsu na ta maimaita abu ɗaya kamar mai talla. Har na fara gyangyaɗi sai na ji hannun Baba ya ƙanƙame nawa, ya ji su kafin ni in gani. Suka fito daga cikin itatuwa a hankali, manya kamar dawakai, jikinsu ja-ja da toka-toka, fuska baƙi da fari kamar an yi musu zane, kunnuwa dogaye, ga ƙahonin nan irin na jikin rumbunmu amma a kan masu su, suna tafiya. Na matsa hannunsa, na sake, na sake, har sau tara. Ya zura ido wajen, ya lumshe, ya buɗe, na san ba abin da yake gani sai inuwa, don sun yi masa nisa. Can ya kawo bakinsa kusa da kunnena, ya karya dokar da shi ya kafa, ya tambaye ni da yarenmu, “Akwai ɗa?”

Na duba, na sake dubawa. Babu. Duk manya ne. Zuciyata ta ce in matsa masa hannu kawai, wa zai sani, Kofur ba zai tona ni ba. Yatsuna har sun fara motsi. Amma na tuna abin da ya ce a gida, an sha gaya masa magana don a faranta masa rai, kuma bai hau bayan a-kori-kura don 'yarsa ta ƙara masa wata ba. Na kai bakina kunnensa na ce ban gani ba, Baba. Ya gyaɗa kai, ya sassauta hannuna. Ban taɓa jin nauyin magana kamar na wannan ba.

Suka sha ruwa, suka fara juyawa za su tafi. Sai wata mace ta ware daga cikinsu, ta nufo wajenmu, ta yi ta matsowa har na fara jin tsoro, na ga Kofur ya gyara riƙon bindigarsa. Ta tsaya, ta yi wani ɗan gurnani a hankali. Daga cikin gambar da ke gabanmu, wurin da na yi ta kallo tun safe ban ga komai ba, wani abu ya amsa da siririn kuka, ya miƙe a kan dogayen ƙafafu yana tangaɗi. Ashe tun zuwanmu yana kwance a nan, uwar ta ɓoye shi ta tafi kiwo, kuma da iska ta kai mata warinmu ko sau ɗaya da ba ta zo ba. Ban matsa hannun Baba ba, ban sami dama ba. Kukan ya riga ya shiga kunnensa. Ɗan ya fito fili, rana ta haske shi, bai fi taku goma sha biyar daga inda muke ba, ya sa kai ƙarƙashin uwar yana tsotso, jela na kaɗawa. Baba ya miƙa wuya, hawaye na bin fuskarsa, ya ce, “Na gan shi. Ja ne.” Ja ne kuwa, kamar tukunyar da aka fito da ita daga wuta.

Ruwan farko ya same mu a hanyar komawa, muna bayan mota, farar rigar nan da na sha wahalar gogewa muka lulluɓa da ita ta koma kalar laka. Baba bai damu ba, waƙar farauta yake yi ƙasa-ƙasa har muka shigo gari. Da muka isa gida ya sa aka sauko da ƙahonin daga jikin rumbu, ya ce in raka shi bakin rafin nan na bayan dutse, ya tona rami da hannunsa ya binne su. Jakar tokar kuma ya cire ya rataya mini a wuya, ya ce ai ni ce mai ganin iska yanzu. Tana nan cikin akwatina tare da leshin.

Yau wannan hanyar ko da rakiya ba mai bin ta, miyagun mutane sun shiga dazuzzukan, Kofur ma ya daɗe da ajiye aiki ya dawo noma. Na tambaye shi ko suna nan, ya ce bai sani ba, amma dabbar da ta guje wa turarena ba za ta tsaya jiran mai babur da bindiga ba. Na zaɓi in yarda da shi. Jikokina ba za su ga abin da na gani ba, wannan yana damuna wani lokaci, amma ni dai na gode Allah, na je, na gani, na kuma kai Babana.

Idonsa ya rufe gaba ɗaya kafin a girbe dawar wannan shekarar. Ya ƙara shekara shida a duniya, yana zaune ƙofar gida a kan buzunsa yana tufka igiya, mutane na zuwa yi masa jaje yana ba su dariya. Sojoji suka ci gaba da zuwa hutu, 'yan kasuwa suka ci gaba da dawowa daga tafiya suna tsayawa gaishe shi. Yakan tambaye su hanya, ya tambaye su iyali, ya tambaye su ko an yi ruwa a can. Amma har ya koma ga Allah bai sake tambayar kowa ko akwai sauran gwanki ba.